Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Limaman Juma'a Da Fastocin Kano: Wa'azinku Yana Tsayawa A Bakin Zaure

Assalamu alaikum wa rahmatullah, malamaina, Allah ya gafarta muku. Ku ma shugabannin majami'u na Sabon Gari da Bompai da Brigade da sauran unguwanni, ina gaishe ku da aiki, da fatan iyali suna lafiya.

Ni tsohon malamin firamare ne. Shekara talatin da biyar na yi ina riƙe da alli a garin nan kafin na ajiye. A fagen addini kuwa almajiri ne ni, irin masu zama a gefen buzu bayan magariba, don haka in harshe ya yi tuntuɓe a yi mini afuwa. Na san ba a saba haɗa ku a takarda ɗaya ba sai in gari ya hautsine, gwamnati ta kira taro, a sha lemo a ɗauki hoto. Na haɗa ku ne saboda rufin gidajenku biyu wuri ɗaya yake yoyo.

Bayan ƙaramar sallar da ta wuce aka sa ni cikin masu zuwa nema wa wani yaro aure. Tun yana aji uku na koyar da shi. Yanzu mahaddaci ne, yana da shagonsa na yadi a kasuwa, kuma shi ke jan azahar da la'asar a ɗan masallacin layinsu. Muka kai kuɗin gaisuwa aka karɓa, aka ce mu ba su mako biyu su yi bincike. Mako biyu na cika sai ga kuɗinmu a ambulan, da saƙon cewa Allah ya haɗa kowa da rabonsa. Na bi diddigi, don ni ba na iya barin magana a rufe. Ba a same shi da shaye-shaye ba, ba bashi, ba neman mata. Abin da binciken ya tono shi ne kakan kakansa a gandun sarki ya rayu. Wato bawa ne. Mutumin da ya kwanta dama tun zamanin Sarki Alhaji, shi ne ya tashi daga kabari ya raba auren.

Uban yarinyar a layin nan shagonsa yake. Kullum sau biyu yana tsayawa a bayan yaron nan, ya yi ruku'u in ya yi, ya ɗago in ya ɗago. Ya yarda ya damƙa masa sallarsa, bai yarda ya damƙa masa 'yarsa ba.

Juma'ar da ta biyo baya, kamar an shirya, limaminmu ya yi huɗuba a kan Bilal. Ya kawo zafin rairayin Makka da dutsen da aka ɗora masa a ƙirji, ya kawo hawansa kan Ka'aba ranar buɗe Makka yana kiran sallah. Ya karanto aya ta 13 a Suratul Hujurat, cewa an halicce mu daga namiji da mace, an sanya mu dangogi da ƙabilu don mu san juna, kuma mafi girma a wurin Allah shi ne wanda ya fi tsoronsa. Ya rufe da maganar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a hajjin bankwana: babu fifiko ga Balarabe a kan wanda ba Balarabe ba, ko ja a kan baƙi, sai da taƙawa. Masallaci ya ɗauki kabbara. Huɗuba ta yi kyau, ban ga aibinta ba. Amma na tabbata da a ce uban yarinyar nan yana sahu, da shi ma ya yi kabbara da zuciya ɗaya, ya koma gida ya ci tuwonsa bai ji an taɓa shi ba. Bilal yana can Madina, shekara dubu da ɗari huɗu tsakaninmu da shi, ba zai aiko neman 'yar kowa a Kano ba. Shi ya sa son sa ba ya da tsada.

To malamai, ku kuka karantar da mu cewa a zamanin Annabi maganar ba ta tsaya a kan mumbari ba, har ɗaki ta shiga. Zaidu ɗan Harisa 'yantaccen bawa ne, aka aura masa Zainab 'yar Jahshi, 'yar gwaggon Manzon Allah. Fatima 'yar Ƙaisu Baƙuraishiya ce, Mu'awiya da Abu Jahmi suka nemi aurenta, Annabi ya ce ta auri Usama ɗan Zaidu. Wannan yana cikin Muslim. Abu Huzaifa, ɗan babban gida a Makka, ya ɗauki 'yar ɗan'uwansa ya ba Salim, wanda shi ma 'yantaccen bawa ne. Akwai kuma wanda nake mamakin yadda ba a cika jin sa a garin nan ba, alhali yana cikin Abu Dawuda, yana cikin Bulugul Maram da yaranmu ke biyawa a Islamiyya: Annabi ya ce wa Banu Bayada su aurar wa Abu Hindi, su kuma auri daga gidansa. Abu Hindi mai yin ƙaho ne. Da Hausa a fili, wanzami ne. Ku faɗa mini gida nawa ne a cikin badala za a ce ɗan wanzamai ko ɗan mahauta ko ɗan maƙera ya fito, a ce bismillah ba tare da an koma ɗaki an yi ƙus-ƙus ba. Muna cin naman, muna miƙa wuyanmu a ƙarƙashin askar, muna karanta yadda Allah ya tausasa wa Annabi Dawuda ƙarfe yana ƙera sulke, sai an zo maganar surukuta sana'ar ta zama tabo.

Wani zai ce ai akwai kafa'a a fiƙihu, wato sharaɗin miji ya zama tsaran matarsa. Akwai. Amma mu nan Malikiyya muke iƙirari, kuma Shehu Halil a Muhtasar bai ɓoye ba: kafa'a addini ce da lafiyar jiki daga aibobin da ke ba da zaɓi, har ya bayyana cewa 'yantaccen bawa da wanda ba sharifi ba da wanda bai kai matar daraja ba duk tsaranta ne. Littafin nan a zaurukan Madabo an yi ɗaruruwan shekaru ana biya shi. Ina aka baro wannan layin?

Bari in tuna muku wani abu da ya kamata ya sa kowane Bakano ya sunkuyar da kai kafin ya kira wani ɗan bayi. A 1615 mutanen Tuwat, can cikin Sahara, suka aika wa Shehu Ahmad Baba na Timbuktu tambaya a kan baƙaƙen da ake kawo musu kasuwa: ya halatta a mallake su? A cikin garuruwan da ake tambaya a kan mutanensu har da Kano da Katsina da Barno. Wato mu ne hajar da ake tantama a kanta. Ya ba su amsa a littafinsa Mi'irajus Su'ud, cewa mutanen waɗannan ƙasashe Musulmi ne 'ya'ya, ba a mallakarsu, kuma launin fata ba ya cikin dalilan bauta. Ya yi watsi da tatsuniyar nan da ke cewa baƙar fata la'ana ce ta Annabi Nuhu a kan zuriyar Ham, kamar yadda Ibnu Haldun ya yi watsi da ita kafin shi. Shi kansa Ahmad Baba ya san ɗacin abin, don a ɗaure aka kai shi Marrakesh bayan sojojin Maroko sun ci Songai.

Ba zan yi wa tarihi kwalliya ba. Amsar tasa ba ta rufe kasuwar bayi ba, kuma kakanninmu da aka kare da waccan fatawa su ma sun kamo wasu sun sayar. Bature Barth da ya zo a 1851 ya tarar ana cinikin mutane a Kurmi. Sai da Turawan mulki suka ce duk wanda aka haifa daga Afrilun 1901 ɗa ne, sannan a 1936 aka soke bauta baki ɗaya a Arewa. Doka ta kwance igiyar kusan shekara casa'in ke nan, bakinmu ne bai kwance ba. Abin dariya kuma, in ka bi salsalar manyan gidajen ƙasar Hausa sai ka iske sa-ɗaka a cikin iyayensu mata, kamar yadda akasarin halifofin Abbasiyawa suke 'ya'yan kuyangi. A fadar nan tamu Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama sarautun bayi ne, kuma hakimai sun sha neman alfarma a wurinsu. Talaka ne kawai bautar kakansa ke bin sa har ƙofar surukai.

Sai tubabbe. Ranar da mutumin Kudu ko na Filato ya karɓi kalmar shahada, masallaci yakan cika da kabbara, a zagaya da hula a tara masa kuɗi. Bayan shekara talatin yana sahun farko, sunansa bai tashi daga "wane tubabbe" ba, 'ya'yansa da aka yi wa huɗuba a kunne suna "'ya'yan tubabbe". In ya nemi aure a ce a nemo masa irinsa. Abubakar da Umar da Usman, Allah ya yarda da su, wane ne a cikinsu aka haifa a Musulunci?

Launi ma haka. Mu ne masu cewa farar mace alkyabbar mata, mu ne masu cewa fara ko mayya ce, sannan mu hau mumbari mu tsine wa 'yan mata masu shafe-shafen bilicin, kamar ba mu muka buɗe musu kasuwar ba. Suratur Rum aya ta 22 ta sa bambancin harsuna da launuka a jeri ɗaya da halittar sammai da ƙasa, cikin ayoyin Allah. In alhajinmu ya dawo daga Makka yana ba da labarin yadda wani ya yi masa kallon takari, ranmu yakan ɓaci. Da aka nuna bidiyon gwanjon baƙaƙen fata a Libiya a 2017, mun yi ta Allah wadai. Daidai ne. Amma laifi tudu ne, mun taka namu muna hango na Larabawa.

Yanzu gare ku, iyayenmu fastoci. Shekara goma sha biyu na yi tebur ɗaya da malamin darasin addinin Kirista a makarantarmu, kuma a lokacin tara ba abin da ba ma tattaunawa. A bakinsa na fara jin abin da Bulus ya rubuta wa Galatiyawa, sura 3 aya 28, cewa ba Bayahude ko Baheleni, ba bawa ko ɗa. A bakinsa na ji Ayyukan Manzanni 17:26, cewa daga mutum ɗaya Allah ya yi dukan al'ummai, da yadda Bitrus ya shiga gidan Karniliyus, sojan Roma, ya shaida cewa Allah ba ya nuna bambanci. Ya taɓa karanta mini Littafin Ƙidaya sura 12, inda Maryamu da Haruna suka yi gulmar Musa saboda ya auri mace Bakushiya, Maryamu ta tashi da kuturta fari fat. Muka yi dariya, ya ce ka ga, wadda ta raina baƙa an ba ta farin da ya ishe ta.

Ku kun fi kowa sanin abin da aka yi da littafinku a kan fatarmu. Farawa sura 9 Kan'ana ta ambata a la'anar Nuhu, ba ta ce komai a kan launi ba, amma da ita masu gonakin auduga a Amurka suka yi ta wa'azi a kan bayinsu. Babbar ƙungiyar Baptis ta kudancin Amurka a kan rigimar mallakar bayi aka kafa ta a 1845, ba ta fito ta nemi gafara ba sai 1995. A Afirka ta Kudu coci ce ta ɗinka wa wariyar launin fata rigar tauhidi, har sai da taron majami'un Reformed na duniya ya ayyana hakan a matsayin ɓata a 1982. A nan gida, Samuel Ajayi Crowther, wanda aka kama bawa yana yaro ya zama bishop a 1864, wasu samarin Turawan mishan ne suka wulaƙanta shi a ƙarshen rayuwarsa, ya rasu a 1891, aka maye gurbinsa da Bature. Duk wannan kuna faɗa, kuma kuna da gaskiya.

Tambayata ita ce abin da ke faruwa ranar Lahadi a Sabon Gari. Abokin aikin nan nawa Bahaushe ne gaba da baya, kakanninsa Maguzawa ne daga kudancin jihar nan, Littafi Mai Tsarki na Hausa da aka fara bugawa a 1932 shi kakansa ya koyi karatu da shi. Ya ce mini ranar da ya shiga wata majami'a da kaftani da hula, a bakin ƙofa aka tsayar da shi aka laluba shi, waɗanda suka zo da kwat suna wucewa. A ciki wata mata ta janye jakarta tana cewa aboki ya shigo. Ban ce ba ku da dalilin tsoro ba, garin nan ya ga bama-bamai, majami'u sun gani. Amma ya ce ko bayan sun san shi, shekara da shekaru, in ana rabon muƙamin dattawa sai a tuna shi ba ɗan gida ba ne. Ya fito ya shigo cikin gari, mu kuma mu tambaye shi, "Kai ɗan wace ƙabila ne?" Ya ce Bahaushe, mu yi murmushi. Da ya je nema wa ɗansa takardar shaidar zama ɗan ƙaramar hukuma, sunan yaron kawai aka gani aka ce ya dawo da mai unguwa da dagaci da wanda ya san kakansa. Kakan nasa kuwa a ƙasar nan aka binne cibiyarsa tun kafin a haifi kakan mai tambayar.

Kuma ku gafarce ni in taɓo abin da ba a so a taɓa. Majalisar Jihar Gabas ta soke tsarin osu, wato ware wasu zuriyoyi na ƙabilar Ibo da ba a auratayya da su, tun 1956, amma har yau akwai gidajen da ke zuwa coci kowace Lahadi waɗanda in ɗansu ya kawo yarinya sai an aika ƙauye an binciko ko jininta na osu ne. Bincikensu da namu uwa ɗaya uba ɗaya. Bulus bai jira taron sulhu ba ranar da Bitrus ya janye hannunsa daga akushin waɗanda ba Yahudawa ba a Antakiya. A gaban jama'a ya tsawata masa. Da Helenawa suka yi kukan ana tsallake matan cikinsu da mazansu suka mutu a rabon abinci, manzanni ba su ce a yi haƙuri ba, mutum bakwai suka naɗa a kan aikin. Wasiƙar Yaƙub sura 2 har wurin zama ta ambata, wa ake ba kujera wa ake cewa ya zauna a ƙasa.

Kada a fahimce ni a karkace. Ban ce a haɗa addinan a dama su ba. Ni Musulmi ne, a kan haka nake fatan cikawa, kuma abin da shari'a ta iyakance a kan aure tsakanin addinai ban zo gyara shi ba. Fasto ma yana da nasa iyakokin. Maganata a kan jini ce da harshe da sana'a da launi, abubuwan da ba wanda ya cike takarda ya zaɓa. A can ƙasan su duka kuma akwai darajar da mutum ke da ita don kawai shi ɗan Adam ne. Suratul Isra'i aya ta 70 'yan Adam ta ce an karrama, ba ta ware ba. An wuce da gawa Annabi ya miƙe, aka ce masa ai Bayahude ne, ya ce shin ba rai ba ne? Farawa 1:27 ta ce cikin siffar Allah aka halicci mutum, ba ta ce wane mutum ba.

Wannan magana ba ta ado ba ce a garin da ya ga tarzomar 1953 da 1966 da 1991 da 2004. Mu da muka ga wasu daga ciki mun san mai adda ba ya tsayawa tambayar aƙida, fuska yake kallo da karin harshe. Haka aka yi wa mafarautanmu 16 a Uromi ta jihar Edo a watan Maris na 2025, suna hanyar dawowa gida sallah. Kafin a ɗaga sanda a kan mutum, an daɗe da sauke shi daga mutum zuwa "aboki", ko "inyamuri", ko "arne", kuma a cikin gida ake wannan saukewar, a gaban yara, da bakin mutanen da ba sa fashin jam'i ko sujada. Da wani Muhajiri da wani Ba'ansare suka yi faɗa kowa ya kira danginsa, Annabi cewa ya yi ku bar ta, wari gare ta. Shehu Usmanu a Bayanu Wujubil Hijra ya lissafa fifita wata ƙabila a kan wata cikin abubuwan da suka fi saurin rusa mulki. Ko tsarin mulkin 1999 a sashe na 42 ya hana a tauye mutum saboda ƙabilarsa ko yanayin haihuwarsa, sai dai sashe na 42 ba ya zuwa ɗaurin aure. Ku kuke zuwa.

Abin da ya fi ba ni takaici, Kano ba haka ta ginu ba. Ku bi sunayen unguwanni ku ji: Ayagi, Tudun Nufawa, Zangon Barebari, Agadasawa, Dandalin Turawa, Sharifai. Wangarawa daga Mali suka zo da addinin Musulunci a zamanin Sarki Yaji, Magili daga Tilimsan ya zo a zamanin Rumfa. Garin nan haɗiye baƙo yake ya mai da shi ɗan gari cikin zuriya biyu. Yawancin masu bugun ƙirji da asali, in aka yi musu irin binciken da suke yi wa 'ya'yan mutane, a bayan raƙumi ko jaki za a tsinci kakansu yana shigowa ta Ƙofar Ruwa ko ta Ƙofar Mazugal. Turawa ne suka yanka Sabon Gari bayan jirgin ƙasa ya iso a 1911, suka ce baƙi su tsaya can. Sun tafi tun 1960, mu muka ci gaba da gadin katangar kyauta.

Roƙona ƙarami ne, ko da yake na san yana da nauyi a baki. In za ku yi huɗubar Bilal, ku sauko da ita Kano. Ku furta kalmomin da kanku a lasifika: bacucane, ɗan mahauta, tubabbe, ɗan ƙabila, kaɗo. Ku ce wanda ya mayar da kuɗin aure saboda ɗayansu, hadisin Abu Zarri ya hau kansa, wanda ya gori wani da uwarsa aka ce masa akwai sauran jahiliyya a tare da shi. Ku koya wa masu zuwa bincike iyakar abin da za su tambaya: sallarsa, halinsa, sana'arsa ta halal ce, lafiyarsa, ya iya riƙe mace. Kabarin kakansa ba ya cikin lissafi. Fasto kuma in ya zo kan Basamariyen nan mai tausayi, ya daure ya sa masa hula da kaftani, ya ga yadda fuskokin masu sauraro za su yi. Na san wasu masu kujerar gaba za su ɓata rai, watakila ma a rage abin da ake sawa a asusu. Kuma na san tambayar da za ta biyo baya ita ce, to malam, kai za ka ba da taka? Gara kowa ya shirya amsarsa tun kafin ya hau.

Ni an riga an yi mini ita. Ina da 'yar ƙanwa a hannuna da ta gama makarantar koyon jinya, na yi wa uwarta maganar haɗa ta da yaron nan, ta ce sai ta yi shawara da dangin uban. Yau kwana goma sha ɗaya ke nan ban ji komai ba, na kuma san abin da ake tattaunawa. Yaron yana nan yana jan sallarsa a layin. Jiya da la'asar na bi shi, uban waccan yarinyar yana damana, kafaɗarsa a jikin tawa.

Wassalam. Ku huta lafiya.

Naku,
Tsohon malamin firamare,
Cikin birni, Kano.